Miyar da Baba Mato Ya Ƙi Sarewa

Baba Mato mahaifina ne, saboda haka ina da ikon faɗin abin da 'yan unguwarmu suke faɗa a bayan idonsa: ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Gadarif ta ƙasar Sudan, amma har ya koma ga Allah Larabcinsa bai taɓa miƙewa ba. In ya shiga kasuwar hatsi, baki na yi, hannu na yi, gira na yi, kuma a haka ake gama ciniki. Mu 'ya'yansa da aka haifa a nan mukan yi masa dariya har da hawaye. Amma in bare ya gwada, a nan ake jin kanmu da shi, don ni ban ga abin dariya ba a wurin wanda bai taɓa barin gindin uwarsa ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya da saurin yanke shawara. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. An raba gonar gado tsakaninsa da 'yan'uwansa, rabonsa bai kai ya ciyar da gida ba. Ana cikin haka wani alhaji ya dawo ta ƙasa, ya zauna a ƙofar masallaci yana ba da labarin wani gari a Sudan inda tarakta ke shuka dawa, gona kuwa sai ka gaji da tafiya ba ka ga ƙarshenta ba. Baba bai tambayi yaren da ake yi a garin ba. Ya dawo gida ya ce wa mahaifiyarmu, Inna Jummare, ta ɗaura kaya.

"To Malam, wa ka sani a can?" in ji Inna.

"Allah."

"Aiki fa?"

Ya ɗaga mata hannayensa biyu. Inna ta ce tun daga ranar ta san ta auri rigima. Ta ƙulla daddawarta a tsumma, ta bi shi.

Wannan a shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Sun sha bayan mota ta ƙasar Chadi, sun sha jirgin ƙasa, suka sauka Gadarif damina ta kankama, Inna kuma ciki ya tsufa, kuma cikina ne. Wani dattijo mai sayar da goro, Sharu Lawali, shi ya ga Bahaushe tsaye a tasha yana wa mutane sallama ana wucewa, ya kai su gidansa ya ba su bukka. Ya ce wa Baba, "Lokacin noman ciyawa ne, aiki ba ya wuya. Amma ka saurare ni, kada ka hau lori sai na samo maka wadda ke da mutanenmu a ciki. Mashru ba ƙauyenku ba ne." Mashru shi ne abin da ake kiran manyan gonakin nan na tarakta.

Baba ya ce to. Sai dai shi mutum ne da tuwon gidan wani ke tsaya masa a wuya. Ga mace da tsohon ciki, ga ragon suna yana tafe, shi kuma yana zaune a inuwa yana kallon kaji. Wata safiya ya zagaya wajen da ake ɗiban leburori, ya ga lori ta tayar, ana ɗaga hannu ana cewa yalla yalla, wato a yi sauri. Ya ruga gida ya suri buhunsa, Inna ta jefa masa rabin daddawarta a ciki, ya kama ƙarfen motar tana tafiya.

Sai da gari ya ɓace a bayansu ya waiwaya ya ce, "Salamu alaikum, akwai Bahaushe a nan?" Aka amsa sallamar, sauran kuwa babu wanda ya gane. Mutanen duwatsun Nuba ne, da na Darfur, da 'yan Habasha.

An sauke su a kambo, wato 'yan bukkokin ciyawa a tsakiyar gona inda leburori ke kwana. Baba ya ce da ya juya gabas ya juya yamma bai ga komai ba sai dawa da baƙar laka, ya yarda alhajin nan bai yi ƙarya ba. Wakilin mai gona, wani dogo mai carbi da gajeren haƙuri, ya auna wa kowa yankinsa da taku. Da ya zo kan Baba ya yi magana mai tsawo. Baba ya yi ta gyaɗa kai. Me za a koya wa ɗan manomi game da noma?

Ya duƙa kuwa. A nan babu mai ja da shi, ya bar kowa a baya. Amma ga inda gizo ya saƙa. A garinsu, manomi in yana noma ya ci karo da lalo, ko karkashi, ko tafasa, ko kuɓewa da ta fito da kanta, ba ya sarewa. Kewaye ta yake yi, har ya ɗan tara mata ƙasa a gindi, don wannan rabon matan gida ne, su ke zuwa su tsinka. Tun yana ƙarami ubansa ya taɓa zabga masa mari kan karkashi guda. Ƙasar Gadarif kuwa, Allah ya yi mata arzikin miya. Baba ya yi ta kewayewa yana murna, yana cewa a ransa lalle matan mai gonar nan sun more.

Da wakili ya zo duba aiki, sai ya ga yankin kowa fes, na Baba kuwa tsibi-tsibin ganye ko'ina, kowanne an gyara masa gindi kamar ɗan gata. Ya ɗauka ha'inci ne. Ya tumɓuke karkashi ya girgiza a fuskar Baba, ya jefar. Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya nuna masa baki da ciki, yana cewa, "Miya ce, ranka ya daɗe, miya!" Wakili ya ga kamar ana gaya masa shi mayunwaci ne. Ya ƙara tumɓuke wani. Baba ya ƙara ɗauka ya sa a hula.

Ni dai har gobe ina ganin da wakilin nan ya yi haƙuri kaɗan da an wuce wurin. Amma shi ma ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Gonar da ba ta da iyaka, wace mace ce za ta zo tsinkar ganye a cikinta? Matan mai gonar suna can birni, ba su ma san hanyar ba.

Ya karɓe fartanyar daga hannun Baba. Ya nuna shi, ya nuna hanyar mota, ya kaɗa hannu ya ce, "Halas!" Wannan kam ba ta bukatar tafinta. An kore shi.

Abin da ya cece shi a lokacin shi ne ruwan sama. In aka yi ruwa a ƙasar nan, laka ba ta barin mota ta motsa, don haka dole ya zauna a kambo har hanya ta bushe. Ya ce bai taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba. Kowa ya fita da sassafe, shi yana zaune. Abin da ke cin ransa shi ne ranar da zai shiga gidan Sharu Lawali hannu rabbana, ya tarar da Inna a bakin bukka, ya ce mata an kore shi daga noma. Noma fa, abu ɗaya da ya ɗauko daga gida yana taƙama da shi.

Da ya ga an tura wasu su sare ganyen da ya bari, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya bi su a baya da buhu yana tsincewa. Ya dawo kambo da lalo da karkashi himili guda, ya zauna yana kallonsu. Mutumin da bai taɓa ɗora tukunya ba a rayuwarsa, ko ruwan zafi Inna ke dafa masa.

Abincin kambo kuwa abin tausayi ne. Asida, wato tuwonsu na dawa, da wani ruwa-ruwa na busasshen kifi. Leburorin kan dawo a gajiye, wanda layi ya zo kansa ya tuƙa yana gyangyaɗi. Baba ya waiwaya hagu da dama, ya tabbatar babu Bahaushen da zai gan shi ya kai labari gida, ya hura wuta. Ya yi ta ƙoƙarin tuno yadda uwarsa ke yi. Ya san ana sa kanwa, babu kanwa, sai ya jiƙa toka ya tace. Bai san gwargwado ba, ya zuba da hannun manomi. Ya marmasa daddawar Inna a kai.

Tukunyar farko, in ji shi da bakinsa, ko akuya sai ta yi tunani. Amma da leburori suka dawo, wani tsoho mutumin Darfur mai suna Adam ya tsaya cak a bakin kambo yana shaƙar iska. Warin daddawar nan ya yi kama da wani abin miya da matan garinsu ke yi. Ya ajiye fartanya, ya zauna gaban tukunyar, ya gutsiro asida ya dangwala. Ya yamutsa fuska saboda tokar, ya sake dangwalawa. Sauran suka matso. Ashe duk sun san ganyen nan, kowa da sunan da yake kiransa, lokacin tsinka ne kawai ba su da shi. Aka sharce tukunyar har ƙasa.

Washegari Adam ya kama hannun Baba ya nuna masa iyakar tokar da yatsa. Wani ɗan Habasha ya ciro barkonon da yake ɓoyewa. Daga nan duk mai dawowa daga gona sai ya zo da ganye a aljihu ya zube masa. Suna faɗin sunan abu da Larabci, yana maimaitawa a karkace, su fashe da dariya, shi ma ya fashe. Wakili ma aka fara kai masa kwano. Yana ci, kwanon na dawowa a wanke, amma fuskarsa ba ta sake ba.

Sai rana ta buɗe, hanya ta bushe. Wata hantsi lori ta shigo da ruwan sha da garin dawa. Wakili ya nuna Baba, ya nuna mota. Baba ya wanke tukunyar ya kife, ya ɗauki buhunsa ya hau baya, ya sunkuyar da kai.

Adam ne ya fara ganin abin daga gona. Ya yi kira. Baba ya ga mutane suna fitowa daga cikin dawa da fartanyoyinsu a kafaɗa, ya ɗauka sallama suka zo yi masa, har ya fara ɗaga hannu. Adam ya jefa fartanyarsa cikin motar, ya hau, ya zauna kusa da shi. Na biyu ya hau. Na uku ya hau. Kafin wakili ya gama zagin na farko, kambo ya koma bayan lori gaba ɗaya, kowa ya zauna ya naɗe ƙafa. Ga ciyawa tana cin dawa, ga lokacin da ba a samun lebura ko da roƙo.

Wakili ya kalli gona, ya kalli mota. Ya ja carbi. Sannan ya tafi ya ɗauko tukunyar da kansa, ya ɗaga ta sama yana faɗa.

Direban ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Kai bawan Allah, kai ne Bahaushen da ake rigima a kanka? Ya ce ka sauko ka ɗora musu. Kai ne mai abincin kambo daga yau, hakkinka daidai da na kowa. Amma wallahi in ka sake taɓa masa fartanya sai ya kai ka gaban hukuma."

Baba ya ce bai ji rabin maganar ba. Hausar kawai ya ji. Ya diro ya rungume direban nan, wani Bahaushe Ɗanlami haifaffen garin Hawata a nan Sudan, ya fashe da kuka kamar yaro, mutanen kan mota suna tafi. A wannan mashru ya gama damina, ya yi kaka, kuma da wannan tukunyar ya rufa mana asiri shekara da shekaru, har ya kafa rumfar abinci a bakin kasuwar Gadarif inda leburori ke cika.

Amma ranar, bayan ya share hawaye ya zuba wa Ɗanlami asida da miya, sai ya ja shi gefe.

"Ka san gidan Sharu Lawali mai goro?"

"Wa bai san shi ba?"

"Iyalina na can, Jummare. Ka ce mata ina lafiya, na samu aiki, ta kwantar da hankalinta, rago zai zo." Ya rage murya. "Amma don girman Allah kada ka gaya mata irin aikin."

Ɗanlami ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Inna ta ce ko zama bai yi ba ya zazzage mata komai tun daga bakin ƙofa, har da kwaikwayon yadda Baba ke riƙe muciya. Ta yi dariya har matar Sharu ta fito a guje tana zaton naƙuda ce, sannan ta shiga bukka ta yi kukanta.

Da lori ta sake komawa kambo, Ɗanlami ya miƙa wa Baba ƙullin tsumma a gaban kowa. Sauran daddawar Inna ce duka, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba, da dunƙulen kanwa.

"Ta ce a gaishe ka da aiki," in ji shi. "Ta ce kuma ka daina kashe bayin Allah da toka."