Tabawa da Tabarya Mai Babbar Riga

A tsofaffin gidajen Madawa, har Bangi da Babankatami, in aka tone ƙasan adakar wata kaka, ba a rasa ɗan hoto da ya yi ja don tsufa, bayansa da hatimi: Isaka Mai Hoto. Sai ka ji jikoki na cewa mutumin nan yana da ido. Ƙarya ce. Isaka akwati gare shi. Idon na Tabawa ne, kuma ko a bayan hoto ɗaya ba a rubuta sunanta ba.

Tabawa makitsiya ce, asalinsu 'yan Bangi. Aure ya kawo ta Madawa, mijin ya rasu, ta ƙi komawa, ta kuma ƙi sake wani. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, da bakin da ko mahauta ba su ja da shi. Ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kasuwa take shimfiɗa tabarmarta. Duk wadda ta zo koyon kitso wurinta, magana ɗaya take fara ji: kyan kitso a tsaga yake. In ba a bar fili tsakanin layi da layi ba, an yi wa mutum sheƙar ungulu a ka.

Bayan yaƙin Turawa ne Isaka, tsohon soji, ya dawo da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ya kafa shi dab da tsamiyar nan. Masu zuwa wurinsa galibi matan 'yan ci-rani ne, waɗanda mazansu ke can Kumasi, suna son a kai musu fuska su tuna. To amma wace fuska? Kowace sai ta zaga unguwa ta aro kaya: zane kan zane, awarwaro har gwiwar hannu, murjanin maƙwabciya, kallabin gwaggo. Shi kuma Isaka ya ƙara mata da laima a hannu, agogon da ba ya aiki a cinya, a bayanta labule mai zanen jirgin ruwa. Macen da ko gulbi ba ta taɓa ƙetarewa ba. Hoto ya fito, sai ka yi ta neman mutum cikin rumfar ɗan koli.

Tabawa ta yi ta haɗiye abin, har ranar da wata da ta yi wa kitso tun hantsi ta tashi daga tabarmarta ta jibga kallabin aro a kai, ta je ta zauna gaban akwati. Tabawa ta miƙe. Ta taka ta fizge kallabin, ta karɓe laimar, ta yaye labulen jirgin ruwa ta cilla wa Isaka a jiki. Bangon laka kawai ya rage.

"Ke Tabawa, aikinki na ko nawa?" in ji Isaka.

"Kai dai Soji, danna abinka. Danni kaɗai ka iya."

Ta kuma yi abin da mace ba ta taɓa yi ba a garin: ta cusa kai cikin baƙin ƙyallen nan. Ta ga matar a juye, kai ƙasa. Isaka ya ce haka akwatin ke gani. Ta ce ko a juye ya fi mai shi gani.

Hoton ya fito, wuya ne da kitso da idanu, sai bango. Mata suka yi ta karɓa hannu da hannu. Daga ranar, ba mai zama gaban akwatin Isaka sai Tabawa ta zagaye ta, ta cire wannan, ta cire wancan, ta juya mata haɓa wajen haske. Isaka ya so ya rama. Ya ɗauko wata mujallar kayan mata da ya taho da ita daga Faransa, ya buɗe mata, wai ta ga yadda masu abin ke yi. Ta juya shafi biyu da bakin tsinken kitso.

"Waɗanga matan yunwa ka kashe su," ta ce. "Amma wanda ya jera su bisa takarda makitsi na. Duba hilin da ya bari."

Ta mayar masa da abinsa, ba ta sake tambayar ta ba.

Ana nan, sai ga Lantana daga Bangi, ranar kasuwa, idanu jawur. Lantana matar Gali ce, ƙanen Tabawa ciki ɗaya. Gali ya tafi Kumasi tun wata kaka, damina ta bi damina bai dawo ba, sai dai goro da gaisuwa a bakin fatake. Yanzu uban Lantana ya ƙosa. Ya rantse in ruwan shuka ya sauka Gali bai zo ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Ita kuwa Lantana, Allah ya ɗora mata son wannan shashashan.

"Yaya, a yi mini hoto," ta ce, tana kwance ƙunshin kayan aro. "In sa duka, ya ga ban lalace ba."

"Ya ga ba ki lalace ba, shi ƙara kishingiɗa ke nan. Ɗaure tarkacenki." Tabawa ta ƙare mata kallo. "Rigar da ya sa ranar ɗaurin aurenku, tana nan?"

"Tana cikin adaka."

"Kasuwa mai zuwa ki taho da ita. Da tabaryarki."

Ranar, Tabawa ta yi mata kitso mai tsaga kamar an ja da zare, ta ɗaura mata zane ɗaya na saƙi, ta zaunar da ita can gefe, ba tsakiya ba. Ta kafa tabarya cikin turmi, ta gitta mata kara, ta sanya mata babbar rigar Gali, ta naɗe hannun rigar bisa kafaɗa yadda maza ke yi. Ta cusa kai cikin ƙyalle tana umarni, a ja nan, a tura can, har abin da ya rage na tabaryar cikin hoton kafaɗa ɗaya ce da bakin aikin allura. Tsakaninta da Lantana, fili.

Isaka ya gane, ya ja da baya. "Tabawa, bayan hoton ga sunana ka zama. In Gali ya zo da adda, ni za ya nema."

"To, ga ranar sojanka ta zo. Lantana, dubi maigidan."

Lantana ta juya ta ga tabaryarta tsaye, an yi mata ado tana hura hanci kamar attajiri. Dariya ta ƙwace mata. Isaka ya danna don firgita. Da hoton ya fito, hannunta da ta ɗaga za ta rufe baki ya yi dishi-dishi, haƙora kuwa a waje, abin da matar aure ba ta yi gaban akwati. Isaka ya ce ya lalace, a sake. Tabawa ta ce wannan ne za a kai. Ta ba wani bafataken goro mai zuwa Kumasi hoton, ta ce kada ya ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Bayan tafiyarsa ne tsoro ya kama ta, ko da yake har ta koma ga Allah ba ta yarda ta ji tsoro ba. Ta san ƙanenta, rago ne amma akwai zuciya. Yana iya zuwa. Yana kuma iya aiko da saki daga can, ya ce ta je ta auri mai kafaɗar, a ce Tabawa da hannunta ta kashe auren da aka kawo mata gyara. Zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa gabas, manoma na wasa kalme. Ta riƙa jan gashin mutane har wata ta tambaye ta ko sun yi faɗa ne. Duk kamyon da ya tsaya bakin kasuwa, wato babbar motar kaya, sai ta yi kamar tsinke ya faɗi, ta waiwaya.

Ranar da Gali ya zo, Lantana ce zaune tsakanin ƙafafunta, an tsefe rabin kai. Isaka ya fara hango shi, nan take ya tuna yana da uzuri bayan rumfunan masu gishiri. Gali ya iso buɗu-buɗu da ƙura, ƙunshi a kafaɗa, ya durƙusa ya gai da yayarsa a gaggauce. Matar kuwa ko kallon ta bai yi ba.

"Yaya, wa anka ba rigata?"

Tabawa ta ci gaba da tsaga. "Sannu da hanya, Gali. Ina mutanen Kumasi?"

"Rigata ta aure. Na gane aikin allurar. Wa ya sa ta?"

Ka ji namiji. An bar mace shekara da shekaru tana noma gonarsa, tana jin gori a rijiya, ya ƙetaro ƙasa da ƙasa, abin da ya fara fita bakinsa tsumma ne. Tabawa ta ji wuyan Lantana ya sandare a hannunta.

"Wani dogo na," ta ce. "Bai da surutu. Kullum safe suna tare, shi ka taya ta daka. Tun da ka tahi bai taɓa kwana waje ba."

Lantana ba ta ɗaga kai ba. "Yaya, ki ce mai in riga ya biyo, tana cikin adaka. Shi ɗauka shi koma tun kamyo bai tashi ba. Tabaryar dai tawa ce."

Gali ya dubi turmin masu fura da ke can gefe, ya ga tabarya tsaye a ciki, sai ya gane. Mata biyu masu jiran layi suka kifa kai cikin zane, kafaɗunsu na rawa.

"Kawo hoton in gani," in ji Tabawa.

Ya ce ya ɓace. Ta miƙa hannu ta bar shi a miƙe. Yayarsa ce, ita ta goye shi. Ya laluba aljihun ƙirji ya fiddo wani ɗan ƙyalle, ya kwance. An bi gefen hoton da aska an yanke kafaɗar tas, an yar. Abin da ya rage Lantana ce tana dariya, takardar ta yi laushi don yawan riƙo.

Tabawa ta juya shi gaba da baya. Sannan ta sauke shi gaban idon Lantana, ta riƙe har ta tabbata ta gani.

"Mai neman riga ke nan," ta ce. "Kuma ko yanka bai iya ba, ya cinye mini hili. Tashi ka tahi Bangi ka gai da surukinka tun hadarin ga bai riga ka ba. Matarka sai na gama."

Gali ya tashi ya saɓa ƙunshinsa. Ya yi taku kaɗan, ya dawo ya sa hannu ya karɓe hoton, ya mayar aljihu. Lantana ta ce, "Yaya, yi sauri mana."

"Zauna daidai. Ba a gaggauta tsaga."