Neman Ƙanƙarar Zamiya a Duwatsun Ɗa'ifa

Asabar: Tandabawi zuwa Hada

Mun bar Tandabawi, unguwarmu a Makka, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ni da Hamza ɗan ƙanwata Hajara, da wasu katakai biyu da suka fi ni tsawo. Ku mutanen gida, ku gyara zama ku ji aikin masu ilimi.

Hamzan nan haifaffen Makka ne, shekararsa talatin, magatakarda ne a wani ofishi. An tura shi Labanan wata shida ya ƙaro karatu, ya komo da wani sabon ciwo. Wai can akwai duwatsun da ƙanƙara ke rufewa fari fat kamar garin rogo, mutane su ɗaura katako a ƙafa su sulalo daga sama. Wanda bai karye ba a ce gwani ne. Wai kuma dutsen da ya fi tsawo ya fi riƙe ƙanƙararsa, har cikin bazara. Sai ya duba taswira, ya ga dutsen Shafa da ke bayan Ɗa'ifa ya fi wanda ya yi zamiyarsa a kai tsawo. Shi ke nan, lissafi ya fita.

Hajara ta zo tana kuka: "Yaya, ka bi shi, kada ya karya wuya." Ni kuwa shekarata ashirin da biyu a garin nan ina ɗinkin hula ba igama, wato takardar zama. Alhazai ba su daɗe da watsewa ba, lokacin da askarawa ke kamen waɗanda suka maƙale. Mai fita Makka ba a tambayarsa komai, mai komowa ake tambaya. In aka kama ni, sai jirgin ruwa zuwa gida, in bar matata Hajiya da 'ya'ya huɗu. Duk da haka na biyo shi, don kukan Hajara ya fi askar tsanani.

Mun sami babbar mota mai kai kaya, riyal uku mutum ɗaya. Direba, wani Bayamane, ya dubi katakan ya ce, "Na ƙofa ne?"

Hamza ya ce, "Na wasan ƙanƙara ne."

"To, riyal ɗaya, ko na mene ne."

Muka wuce Arfa gari na wayewa, muka kama sabuwar hanyar da ke nannaɗe dutse. Birai na zaune bakin hanya suna kallonmu, ban ga laifinsu ba. Ƙarfe tara muka isa Hada. A gahawa, wato rumfar mai shayi, muka ci wake da gurasa mai zafi, shayi girshi biyu. Hamza ya tambayi mai gahawa labarin ƙanƙara. Mutumin ya ce, "Ta sauko mako uku da suka wuce, kamar tsakuwa, ta kashe mini kaza biyu. Kafin la'asar ta narke. Ku hau Shafa, can ya fi sanyi."

Lahadi: Ɗa'ifa zuwa Shafa

Mun kwana Ɗa'ifa a gadon igiya, rabin riyal har da bargo. Ƙarfe shida muka shiga wata tsohuwar mota. Mil ashirin ne kawai, amma sai sha ɗaya saura muka isa, haƙarƙarina duk sun canja wurin zama.

Shafa akwai sanyi, ba zan yi wa dutse ƙarya ba. Akwai furanni masu ƙamshi, akwai awaki. Abu fari da na gani a wurin ɗaya ne, gemun wani makiyayi. Hamza ya zaro takardarsa mai hotunan Turawa cikin ƙanƙara, ya shiga karanto sunayen duwatsun da ake zamiya har tsakiyar zafi.

Na ce, "Wanne ne a Hijaz?"

Ya ce, "Kawu, ba ƙasa ake dubawa ba, tsawo ake dubawa."

"Allah Ya ƙara basira. Ni karatuna a Izu biyar ya tsaya."

Makiyayin ya ce sau biyu ya ga irin wannan farin abu tun da aka haife shi, duk a tsakiyar hunturu, kuma bai wuni ba. Ya ƙara da cewa an ce can kudu, tafiyar kwana huɗu, akwai dutsen da ya fi wannan. Na ga idon Hamza ya kawo haske, na ce masa in ya ambaci kudu zan zauna nan in auri akuya. Don kada a ce an zo a banza, ya ɗaura katakan ya gwada gangaren tsakuwa. Ya yi kamu goma a tsaye, sauran ya ƙarasa da gindi cikin ƙaya. Har azahar ina cire masa da allurar hula.

Litinin: Komowa

A kasuwar Ɗa'ifa tambaya ta ishi Hamza, kowa sai ya ce katakan mene ne. Ya sayi farin alawayyo, ya haɗa katakan da bargonsa da manyan takalman zamiyarsa, ya naɗe, ya ɗaure wuri uku. Muka shimfiɗe a bayan mota ƙarfe bakwai. Sai na ga fasinjoji sun yi tsit, sun janye ƙafafunsu. Wata tsohuwa ta ce, "Allah Ya jiƙansa. Harami za ku kai a yi masa salla?"

Zan buɗe baki Hamza ya matse mini hannu, ya ce da Hausa, "Kawu, yi shiru. Ba a tambayar mai gawa igama."

Gaskiya ya faɗa. Na yi shiru har mil arba'in, tsohuwa na jan carbi tana yi wa katako addu'a. Ƙarfe sha ɗaya muka tsaya a shingen shiga Makka. Shugaban askarawan ya leƙo, ya sassauta murya, ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri, dattijo. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Katako ne."

Aka sauke mu, aka kwance. Ya tambayi igama, Hamza ya miƙa tasa, ni na ce babu. Ya zaro littafi da alƙalami. Ya ce daga ina, na ce daga Shafa. Me muka je yi? Na ce neman ƙanƙarar da za mu yi zamiya.

"A wannan watan?"

"Shi ya yi karatu, ranka ya daɗe. Ni rakiya na yi."

Ya sa Hamza ya ɗaura katakan ya nuna masa yadda ake yi, a kan kwalta, rana tsaka, tsohuwar nan na zaginsa daga cikin mota. Askarawa suka yi ta dariya har ɗaya ya jingina bindigarsa. Shugaban ya dubi littafinsa ya daɗe, ya rufe. Ya ce, "In na rubuta wannan, za a ce rana ta taɓa ni. Da ka bar ni na yi wa katako ta'aziyya, da na gane daga baya sai na nemo ka. Hau mota, kada ka ƙara fita Makka."

Mun shiga Tandabawi ana kiran azahar. Na gode wa Allah da Ya maido ni ɗakina. Na gode wa askar ɗin nan da ban san sunansa ba. Hamza kuma ya zo jiya da sabuwar taswira, na ce Hajiya ta gaya masa ba na nan.