Ga Ni

Halwa wuya gare ta. Na yi aikin hanyar Bature da diga da kwando, na yi su a kan gora cikin sanyi har fatar cikina ta yi fari, na yi jinyar kurkunu a ƙafa biyu cikin damina ɗaya, amma duk ban sha wuyar da na sha a ɗan ɗakin nan na bayan gidan Malam a Haɗeja ba. In ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Buzu ne, da buta, da carbi, da wata 'yar taga can sama wadda ba ta da amfani sai ga sauro. Ba ka sara, ba ka ɗauka, ba ka tafiya. Zama ne kawai da ambaton Allah, kuma zaman nan ya fi diga cin jiki.

Ni ba mai karatu ba ne. Allona bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, bokon nan kuwa da furfurata na koye shi a ajin manya. Abin da ya sa nake rubutawa, har yau akwai masu kirana da wani suna a kasuwa suna dariya. To, a ji yadda aka yi daga bakina.

Shekarar da sanƙarau ya shiga ƙauyenmu, can kan hanyar Kirikasamma, ya ɗauki 'yata. 'Yar fari ce. Saboda haka tana raye ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, da ta mutu kuma ba damar in yi kuka, sai a ce ba ni da kunya. Na karɓi gaisuwa ido a bushe. Tun daga nan na daina zama inda nake. In na yi kabbara, kafin in kai ruku'u na tafi maƙabarta. In na dawo daga can sai in wuce baɗi, ko ruwa zai zo, ko jan-baki zai bar mana shinkafa. A kawo tuwo in cinye, a tambaye ni miyar mece ce, ban sani ba.

Ina cikin haka taubashina, ɗan kawuna, ya hau jirgin ƙasa a Birniwa ya kai kifin banda Kano. Ya daɗe. Da ya dawo sai ga shi da farin mayafi da sabon zance.

Ya ce, "Na iso."

Na ce, "Ai na ga ka iso. Warin kifi ma ya riga ka."

"Ba wannan isowar ba, jakin fadama."

Ya ce akwai wata hanya. Malami zai sa ka a ɗaki, ya ba ka abin da za ka riƙa ja, har ka gani da kanka cewa babu komai sai Allah. Babu kai, babu ni, babu kogi, babu jiya, babu gobe. Wannan suke kira isowa. Ya ce akwai mai yi a nan Haɗeja, ba sai an je Kano ba. Ni duk zancen nan abin da ya kama ni shi ne babu jiya. Wanda zai cire mini jiya, ko rijiya ya ce in shiga zan shiga.

Amma na ji kalmar da kunnen mutumin fadama. Mu a wurinmu in an ce isowa, ruwa ake nufi. Ruwan da aka yi wa wasu mutane can yamma shi yake gangarowa ya same mu, wani lokaci sama tas ba ko gajimare. Ba ka zuwa ka taro shi. Ka gyara gona, ka zauna, ka sa ido, wata rana a ce ruwa ya iso. Sai na ce a raina, in dai jira ne, ai sana'armu ce.

Na shiga lokacin da ruwa ya cika ya tsaya, ba aikin da ake yi sai kallo. Ina da fadama guda, gindin wata kanya, ubana ne ya sare ta. Wake nake sa mata. Shi kuwa waken fadama bin ruwa ake yi da shi: in ruwa ya juya ya fara janyewa, kana biye da shi kana shukawa a cikin laka tun tana da danshi. In ka yi sake ta bushe ta tsage, shekara ta wuce ka. Bulamanmu kuma ba ya barin fadama ta bushe a banza. Wanda ba ya nan, sai a ba wanda yake tsaye da iri a hannu, kuma abin da aka bayar ba ya dawowa. Na san da haka. Na ɗauka kafin ruwa ya juya na gama.

Malam tsoho ne siriri, mutumin Jahun, ba shi da yawan magana. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya miƙe ƙafa, almajiransa manya suna zaune a bayansa. Tambaya ɗaya yake yi.

"Ina kake?"

Ranar farko na ce, "Ina ɗaki, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Koma."

Da na gane gaskiya yake so, sai na riƙa faɗa masa ita. Ina maƙabarta. Ina gona. Ina kasuwa ina faɗa da wani mutum da ya mutu tuni. Kullum amsarsa ɗaya, koma. In koma in ja carbi in kasa kunne, kamar yadda muke kasa kunne ga kukan kwaɗi in ruwa ya kusa. Shiru. Gwiwa ta kumbura, baya ya riƙe. Waɗanda suka shiga bayana a ɗakin kusa, ina ji aka yi musu kabbara suka fita.

Wata rana taubashina ya kawo mini fura, ya tsuguna, ya rage murya.

"Kai, ka ishe mu. Amsar fa kowa ya san ta. In ya ce ina kake, ka ce babu ni, sai Shi. Shi ke nan, a yi maka addu'a ka tafi gonarka."

Na ce, "To ai akwai ni. Ga gwiwata tana ciwo."

"Faɗa dai za ka yi. Ganin yana zuwa daga baya."

"Kai haka ka yi?"

Ya ɓata rai. "Ni na gani."

"To madalla. Ni ban gani ba. In yi wa mutum ƙarya a kan awon hatsi ma ina jin nauyi, balle in zauna a kan buzu in yi wa Allah shaidar zur a kan kansa."

Ya ce taurin kaina ne hijabina, wato abin da ya tare ni. Ya ce kuma in sani, wanda ya fita wa'adinsa bai cika ba, ƙofar ta rufe masa har abada, wasu ma taɓuwa suke yi. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi.

Ranar kasuwar Haɗeja sai na ji muryar yayata ta bayan bango. Ita ta goye ni, kuma ba ta taɓa jin tsoron malami ko dogari ba.

"Kai, mai halwa! Da sauran ranka?"

"Da saura, Yaya."

"To ruwa ya juya. Saiwar kanya ta fito waje. Bulama ya aiko gida yana tambaya ko ka mutu ne. Maƙwabcinka na gabas kuwa har ya fiƙe sandar shuka."

"Yaya, an ce in na fita yanzu haukacewa zan yi."

"Wannan ai ka riga ka yi. Shi wanda kake jira ɗin, ce maka aka yi ba ya zuwa fadama?"

Na ji tafiyarta tana mita, tana cewa 'ya'yana sai su ci carbi bana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga hanya a buɗe, kalma huɗu ce, in faɗa in sami suna in sami gona. Na juya ta a bakina, ta ƙi fita. Na ajiye carbin. Na ce a raina na gaji, ba na jiran kowa kuma, mai zuwa ya zo, mai zama ya zauna.

Ana nan tsakanin azahar da la'asar sai iska ta juyo daga kogi ta shigo ta 'yar tagar nan. Warin laka ta kawo, lakar da ruwa ya saki, da ɗan ruɓin ciyawa da ƙarnin kifi a ciki. Na shaƙa. Iyakar abin da ya faru ke nan, kada wani ya ƙara mini gishiri. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Sai dai ga warin, ga ciwon gwiwa, ga wata mata tana daka a maƙwabta, ga jaki yana kuka a bakin kasuwa, kuma ba abin da ya rage a kawo. Na duba ban ga inda ni na ƙare, su kuma suka fara ba. Mai jiran nan da ya cika ɗakin tun ranar da na shiga, na neme shi na rasa. Sai na ji bakina ya kira sunan 'yata, a fili, karo na farko tun da aka raɗa mata shi. Ban tafi maƙabarta na kira ba. A nan na kira, a kan buzun, na yi kukan da ban yi ba.

Da na share fuska sai na tuna wani abu da kowane yaro a ƙauyenmu ya sani. Da rani, in kogi ya ƙafe muka ce ruwa ya tafi, rairayin tsakiyarsa muke tonawa kamu ɗaya, ruwa ya taso. Muna tsaye a kansa muke cewa ya tafi, muna tsaye a kansa muke jiran ya iso.

Bayan la'asar Malam ya zo ya zauna, mutanensa a baya, har da taubashina.

"Ina kake?"

Na ce, "Ga ni."

Taubashina ya dafe kai. "Innalillahi! Ana so ka ɓace, kai kana cewa ga ka?"

Wani mai jan gemu ya ce, "Kalmar ni ɗin nan ai ita ta kori Iblis."

Malam bai waiwaye su ba. Ya ce, "Ga ka a ina?"

"Nan."

"Kai da wa?"

"Allah gafarta Malam, ban sami gefen da zan tsaya in ƙirga ba."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Wa'adinka bai cika ba."

Na ce, "Na laka ya cika."

Bai ce na iso ba, bai ce ban iso ba. Ƙafarsa kawai ya janye daga bakin ƙofa. Na naɗe buzuna, na durƙusa na gaishe shi, na ratsa ta cikinsu. Ina ji mai jan gemu yana cewa a bar shi, kafin kaka ta ƙare za a gan shi yana tsince-tsince a bola.

Ban yi tsince-tsince ba. Amma sunan ya bi ni. Har yau in na shiga kasuwa da banda sai wani ya ɗaga murya, "Ga-ni! Yaya hanya, an iso kuwa?" In ce, "Ga ni kuwa." Su yi dariya, in wuce. Su gani suke nema, ni ga ni na samu. Da na shiga ajin manya malamin ya nuna mini a allo cewa a boko 'yar tazara ce kawai tsakaninsu, na yi dariya har ya zaci shi nake yi wa. Ban ce na fi su ba. Wataƙila sun ga abin da suka ce sun gani, wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Ni ma ba kullum nake nan ba, har yanzu zuciya tana sulalewa a tsakiyar salla, sai in jawo ta kamar akuya. Amma ba wanda zai sa ni in faɗi abin da ban gani ba, ba kuma wanda zai sa in janye abin da na faɗa ranar nan. Ƙofar da suka ce ta rufe, su je su yi gadinta.

A ranar na kama hanyar gida, wani masunci ya tsallakar da ni a kwalekwale.

Washegari da na idar da asuba na ɗauki ƙwaryar iri da sanda na nufi gindin kanya. Ruwa ya ja baya sosai, bakin gonar na sama har ya fara tsagewa, wannan ya riga ya tafi. Maƙwabcina na gabas yana tsaye a kan iyaka da tasa sandar, sabuwar fiƙa.

Ya ce, "A'a, Malam ne? An ce sai bayan salla za ka fito."

Na ce, "An faɗa. Ina kwana?"

Ya amsa, ya saɓa sandarsa ya koma nasa wajen. Na tuɓe riga na rataye a kanya, na naɗe wando, na shiga. Laka ta kama ni har idon sawu, da sanyinta. Na soka sanda, na jefa wake, na take da diddige, na matsa gaba inda ruwan yake.