Akwatin Gwangwani a Ƙarƙashin Gadon Baba Maje

A Tottenham, Bahaushen da zai yi doguwar tafiya, in yana da kayan da ba ya son bari a ɗakin haya, wurin Baba Maje ake tura shi, a hawa na huɗu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa bas kafin ya ajiye aiki saboda matarsa, Hajiya Zinatu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Shi ke juya ta, shi ke yi mata wanka, shi ke dama mata kunu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ƙarƙashin gadonsu da saman sif duk akwatunan mutane ne, kowanne da suna. Ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya kuma buɗewa. Yakan ce amanar da aka leƙa ta zama bincike.

Na san shi ne da na dawo daga karatu a Malesiya na kama ɗaki a ƙasan nasa. Wata Asabar ya kira ni in zama shaida. Abokinsa Abdulƙadir, mutumin Damagaram, ya bar masa wani akwatin gwangwani tun 2013, ya tafi gida, can ya rasu bara. 'Yarsa Afrah ta zo daga Catford karɓar kayan. Tunda abin ya zama gado, dole a buɗe a gaban mutane.

Muka fasa kwaɗon. A ciki akwai tsohuwar hula, da wani abu mai nauyi a naɗe cikin rawani. Afrah ta warware, sai ta ja da baya har ta bugi bango. Libarba ce, ƙaramar bindigar nan mai ganga mai juyawa, tsatsa ta ci bakinta.

Na gaya musu abin da na sani. A ƙasar nan, riƙe irin wannan ba izini ɗaurin shekara biyar ne mafi ƙaranci, kuma "ban sani ba" ba ya fitar da mutum. Mafita ɗaya ce: idan tsohuwar tarihi ce wadda doka ta yarda an daina yin harsashinta.

Baba Maje ya zauna a bakin gado. "Shekara biyar? To wa zai juya Zinatu?"

Hajiya ta ce, da harshenta mai nauyi, "Malam, ashe bindiga nake kwana a kai? Da na sani da tuni ka daina yi mini musu."

Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

Na nemo wani dattijon Bature, dillalin tsofaffin makamai mai lasisi, ya yarda ya duba ta bidiyo. Ya ce kada wanda ya taɓa kunamar. Ya sa na haska ramuka shida na gangar, duk babu harsashi. Ya sa na goga alli a saman ƙarfen, sai rubutun Faransanci ya fito, da lamba 1873. Ya sa na ɗora rula a bakin, muka samu milimita goma sha ɗaya. Ya ce ta sojan Faransa ce, wataƙila kakan mamacin ya yi musu aiki. A wannan halin, a ganinsa, za ta kai fam ɗari takwas.

Baba Maje ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Ta girmi kakana."

Sai Baturen ya ce akwai sauran magana. Lokacin da aka kawo akwatin, doka tana ɗaukarta kayan tarihi. A 2021 aka cire wannan girman harsashin daga jerin waɗanda doka ta yarda an daina yi, aka ba masu irinta wa'adin neman izini ko miƙawa, wa'adin kuma ya wuce da daɗewa. Shi ba zai saya a haka ba. Shawararsa, kada a fita da ita ko ƙofa, a kira 'yan sanda.

Da aka kashe wayar, Afrah ta ce, "Baba, ba ni ita in sa a jaka. Kogin Lea yana nan kusa, in jefa ta ciki, minti goma an gama."

"In aka tare ki a hanya fa? Ubanki ya ba ni akwati, in mayar masa da 'yarsa kurkuku?" Ya share fuska da hularsa. "Gadonki ne, 'yata, ba ni da iko da shi. In kin yafe, in kira su."

Ta ce ta yafe. Sau uku yana danna lambar kafin ta shiga.

'Yan sanda suka zo suka ɗauke bindigar. Bayan kwana biyu suka yi masa tambayoyi na awa uku. Jami'in ya kasa gane yadda mutum zai ajiye akwati shekara goma sha ɗaya bai leƙa ba. Aka ce ya koma gida ya jira hukunci.

Mako bakwai ya yi yana jira. Ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Ya bi masu akwatuna ɗaya bayan ɗaya a waya, yana ba su haƙuri, yana buɗe kayansu suna kallo ta bidiyo. Wasu suka ji haushi suka aiko a kwashe. Ya kira council, wato ƙaramar hukuma, aka ce in an ɗaure shi gidan kula da tsofaffi za a kai Hajiya. Daga ranar ya fara koya wa Afrah yadda ake ɗaga ta, inda ake sa hannu, wane magani ne kafin abinci. Ni kuma ya rubuta mini jerin cefane da ranakun asibiti. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ya leƙa taga.

Wasiƙar 'yan sanda ta zo wata Talata da hantsi. Ya sauko da ita ba takalmi, ya ce idonsa ya ƙi karantawa. Na karanta masa a tsaye: an rufe maganar, ba za a gurfanar da shi ba, bindigar kuma ba za a mayar ba.

Ya zame ya zauna a kan matakala, ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya karɓi takardar ya ninke, ya dafa bango ya miƙe.

"Bari in hau," ya ce. "Tun safe take kwance a ɓari ɗaya."