Kullum Tana Zuwa, Kullum Ina Rubuta Ba Ta Zo Ba

A lokacin da wannan abu ya faru ni malamar aji huɗu ce a wata firamare a cikin garin Dutsin-Ma, na shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alli. Ba yabon kai ba, na iya aikina, amma ina da zafin rai da son a san ni ce babba. Ko hedimasta, da yake na riga shi fara aiki, sai ya tauna magana kafin ya kawo mini ita. Edita, na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana ci na a rai, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

A shekarar ne mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari saboda 'yan bindiga, yawanci daga wajen Barkiya da dazukan Kurfi. Yaransu suka cika mana azuzuwa, wasu shekara biyu rabonsu da makaranta. Sai wata ƙungiya ta haɗa kai da ofishin ilimi aka buɗe abin da muke kira ɗakin taimako. Tsarin mai sauƙi ne: yaron da aka bari a baya ba za a cire shi daga ajinsa ba, da safe zai fara zuwa can a koya masa baƙi da wasali da ƙirga, in an dawo daga hutun tara sai ya koma cikin 'yan ajinsa. Na tabbata a raina ni za a ba ɗakin. Sai ga shi an tsallake ni an ɗauko wata sabuwar malama 'yar Kurfi, wadda na haifi kamarta, aka tura ta kwas Katsina, ta dawo da tabarmi da katuna masu launi da buhun murafun kwalba. Ni na laƙaba wa ɗakin nata suna gidan raino, malamai suka yi ta dariya. Kullum sai ta rusuna ta gaishe ni tana ce mini Mama, ni kuwa in amsa da hanci.

Cikin yara uku da ake ɗauka daga ajina akwai wata yarinya doguwa, 'yar shekara sha biyu, 'yar makiyaya. An kore musu shanu kaf, uban ya koma kora dabbobin wasu a kara, wato kasuwar dabbobi, uwar tana sayen nono tana sayarwa. Da ƙyar sabuwar malamar ta shawo kan uban ya bar ta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a gabana ya faɗe shi ranar da aka kawo ta: shi tsoron gari yake ji, duk ranar da ya ji tana yawo da sunan makaranta, to, karatu ya ƙare, ta koma bin uwarta da ƙwarya. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban sani ba.

To ga inda shaiɗan ya shigo mini. Ƙarfe takwas nake kiran suna, lokacin kuwa yaran suna ɗakin taimako. Don haka kowace safiya malamar takan aiko da 'yar takarda ɗauke da sunayen waɗanda ke wurinta, don malaman aji su yi musu alamar sun zo. Ni sai in naɗe takardar in cusa a kwalin alli, in zana musu sifili a rajista, abin da yara ke kira ƙwai. Hujjata wai duk wanda idona bai gani ba bai zo ba. Gaskiyar magana kuwa, jira nake ƙarshen zango sufeto ya zo in baje masa littafin, ya ga yaran gidan raino sun fi kowa fashi, a rufe ɗakin kowa ya huta. Malamar nake hari, amma na bar jaki ina dukan taiki. Yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa fashi ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ita ce ma mai share mini aji in an tashi. Ranar da ta fara karanta layi guda a allo ba gargada, yara suka tafa mata, ni kuwa haushi ya turnuƙe ni, don na san ba ni na koya mata ba. Na daka mata tsawa na ce ta zauna, ba gidan biki muke ba.

Ana saura mako uku a yi hutu aka yi wa malamar rasuwa, ta tafi Kurfi zaman makoki, aka garƙama wa ɗakin taimako kwaɗo. Yaran suka wuni a ajinsu. Ranar kasuwa ce, hedimasta ya tafi ofis, sai ga uban yarinyar da sandarsa da malafarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi sallama. Ya ce ya ji ana cewa akwai 'yan mata masu kayan makaranta da ake gani a tasha da safe, shi ya sa ya biyo ya ji halin da tasa take ciki. Kalma ɗaya ce ta ishe shi ya koma da farin ciki. Maimakon haka na ɗauko rajista na buɗe masa. Bai iya karatu ba, amma ya ga layin 'yarsa ya bambanta da na sauran, ƙwai ne jere tun daga farkon shafi har ƙarshe. Ya tambaye ni ma'anarsu, na ce alamar wanda ba ya nan ce lokacin kiran suna. Ya sa yatsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya kira ta ta fito. Ta rantse da Allah kullum tana zuwa, ta ce da safe tana wancan ɗakin ne, ta nuna masa. Ya waiga ya ga kwaɗo. Ya juyo gare ni ya ce Malama ta faɗi tsakaninta da Allah, haka ne? Na ce ni ban san abin da ake yi a ɗakin da ke kulle ba, abin da na sani littafi, shi gwamnati ta yarda da shi. Ya gyaɗa kai ya ce lallai littafin gwamnati ba ya ƙarya, yau ma don ta san zai shigo kasuwa ne ta zo. Bai taɓa ta ba. Ya ce ta ɗauko jakarta. Ta ɗauko, ta tsaya tana kallona, jira take in gyara. Ni kuwa na juya na ci gaba da rubutu a allo. Har godiya mutumin nan ya yi mini da zai tafi.

Da malamar ta dawo ta ji labari, ranar kalmar Mama ta fita daga bakinta. A ofishin hedimasta ta zazzage kwalin allina a kan tebur, takardunta suka zubo a naɗe, babu wadda ta ɓata. Ta ce in ita nake jin haushi ga ta nan, me 'yar mutane ta yi mini? Maimakon kunya ta kama ni sai na hau ta da zagi, na ce yaushe aka haife ta da za ta yi mini bincike a kaya, na ce rashin tarbiyya ne da jin kai don an tura ta kwas. Hedimasta, mai tsoron fitina, ya ce a yi haƙuri a rufa wa juna asiri. Malamar ta hau acaɓa ta nemi gidan su yarinyar can bayan gari ta hanyar Karofi, ta kai wa uban takardun. Ya ce shi bai san su ba, malamai ai bakinsu ɗaya, babbar malama ta riga ta nuna masa gaskiya. Abin da zai gyara maganar shi ne ni in taka in je da kaina. Sau biyu tana aiko mini, girman kai ya hana ni. Kafin a dawo hutu sun tashi daga garin. Ɗakin da na so a rufe kuwa har yau yana nan, sauran yaran biyu sun gama firamare sun wuce, hassada ga mai rabo taki ce.

Bara, bayan na yi ritaya, na je suna Kurfi, na ratsa kasuwa ƙishirwa ta kai ni layin masu fura. Ina tsayawa gaban wata mai goyo, ta ɗago muka haɗa ido. Ita ce. Na ce mata 'yata, na fara neman gafara. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta juya ga maƙwabciyarta ta tambaye ta da ƙarfi ko akwai wani tsaye a nan, don ita ba ta ga kowa ba. Ta ce akwai wata malama da ta yi zango guda tana kallonta ba ta gan ta ba, a wurinta ta koyi wannan ilimin, kuma shi kaɗai ta fito da shi daga ajinta. Ta ce Baffanta, wato uban nata, ya rasu shekara biyu ke nan, har ya koma ga Allah yana ɗaukar ta maƙaryaciya. Sai ta miƙa ƙwarya ga wanda ke bayana. Mata suka bi ni da kallo, na ja ƙafa na bar wurin da ƙishirwata.

Ban ga laifinta ba, kuma ba na roƙon kowa ya tausaya mini. Abin da na koya shi ne, yaron da ke riƙe da makaranta da ƙyar ba ya buƙatar a ture shi da ƙarfi, ɗan zane a takarda ya isa. Ku 'yan'uwana malamai, musamman mu tsofaffin hannu, in an kawo wani tsari na taimakon yaran da aka bari a baya, ko ba ku aka ba ba, kada ku yi gaba da shi, don ba mai tsarin ne zai ji ciwon ba. In kuna da rigima da abokin aiki ku yi ta baki da baki, ku cire 'ya'yan mutane a ciki. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa ɗanku hukunci kan abin da aka nuna muku a littafi, ku tuna mutum ne ya rubuta shi. Ni dai na san akwai wata rajistar da ba ni ke riƙe da ita ba, kuma a cikinta an rubuta yarinyar nan ta zo kowace rana.