Burtalin da Taswira Ta Manta

Cikin duk shekarun da na yi a sashen tsara gari na ƙaramar hukuma, ranar da har yau ba ta fita daga raina ba ita ce wata Talata a farkon damina, da aka tura ni Tudun Fulani in kafa turakun iyakar filaye. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin ofis in tafi ritaya, wannan zan ba ku.

Lokacin shekaru kaɗan ke nan da Minna ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata na ta kwararowa daga ko'ina, kowa na neman inda zai sa tubali. Sai aka kawo mana sabon tsarin gari, aka raba garin shiyya-shiyya a kan wata ƙatuwar taswira. Inda aka shafa rawaya na gidajen zama ne, ja na kasuwanci, kore kuma fili ne da ba a yarda a yi gini ba. Kowane launi da dokarsa. A cikin rawaya ba a buɗe maƙera, ba a ajiye shanu, ba a kuma kora garke ta ciki. Ni a lokacin mataimakin jami'in tsara gari ne, mataki na shida. Aikina in ɗauki abin da ke kan takarda in sauke shi a ƙasa: in auna fuloti da sarƙar awo, leburori su haƙa rami su dasa turken siminti, in rubuta lambarsa.

Mun yi aiki lafiya tun da sassafe har hantsi. Muna isa fuloti mai lamba goma sha huɗu sai na lura da layi biyu na shingen itacen cin-da-zugu, tsofaffi, suna tafiya a jere kamar an ja su da igiya, tsakaninsu ƙasa ta daddale da sawun kofato. Ina cikin duba taswira don in ga ko an nuna wata hanya a wurin, sai ga wani dattijo dogo da sanda a kafaɗa. Ya yi sallama, muka gaisa, ya ce shi ne Arɗo Buba, shugaban rugagen da ke bayan tudun.

"Malam, wannan dutsen da kuke binnewa na mene ne?" in ji shi.

Na ce, "Iyakar gida ce, Baffa. Nan za a yi gidaje."

"A kan burtali?"

Na ce ban ga burtali a takardata ba. Bai ko kalli takardar ba. Ya ce in biyo shi. Muka bi tsakanin cin-da-zugun nan har muka gangara rafi, inda ya nuna mini mashayar shanu. A hanya ya gaya mini cewa kakanninsu da kakannin manoman wurin ne suka zauna suka yanke wannan hanya, manoma suka dasa shingen da hannunsu don kada shanu su faɗa gona. Ya ce, "Tun ina yaro ba a taɓa zare wa wani sanda a nan saboda ɓarna ba. In kun toshe, shanu ba za su daina jin ƙishi ba. Ta cikin doyar mutane za su bi."

Na sallami leburori na koma ofis, turakun na kwance a bayan mota.

Shugaban sashenmu shi ne Oga Ndako, mutum mai tsabtar aiki, ba ya son hayaniya. Da na yi masa bayani sai ya cire tabarau ya ce, da irin Hausarsa, "Isiyaku, wannan taswira ya riga ya wuce hannunmu. An manna sanarwa, babu wanda ya kawo ƙorafi. Kai aikinka dasa siminti."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ƙa'ida ita ce a manna sabon tsari a allon sanarwa na wasu makonni, duk mai ƙorafi ya rubuto. An manna, da Turanci, a barandar sakatariya, inda babu Bafulatanin ruga ko manomin da ke zuwa. Da na tona fayil kuma sai na gano inda kuskuren ya samo asali. Masu zanen baƙi ne, kuma da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama suka yi aiki. An ɗauki hoton ne a tsakiyar rani, lokacin da yawancin shanu sun yi kudu neman ciyawa, cin-da-zugu kuma ya zubar da ganye. Daga sama, wurin fili ne kawai.

Na ce wa Oga Ndako ba zan dasa turken ba sai kwamitin filaye ya ji maganar. Wannan kwamiti shi ne mai sa hannu na ƙarshe, ciyaman ke shugabantarsa, akwai kansiloli da shugabannin sassa a ciki. Oga Ndako ya ce, "Rubuta. Ni zan sa shi a fayil, amma sunanka ne a ƙasa."

Kwana huɗu na yi ina bin burtalin da sarƙa, daga bakin ruga har rafi. Na auna faɗinsa wuri-wuri, na zana shi a kan taswirar da jan biro. Fuloti tara ya ratsa. Na je wurin mai unguwar manoma, ya tabbatar da duk abin da Arɗo ya faɗa, ya dangwala yatsa a ƙasan bayaninsa. Na buga rahoton da kaina a tafireta, don mai buga takardun ofis ta ce ita ba ruwanta.

Daga cikin fuloti taran nan, uku na wani kansila ne da ake kira Alhaji Tanko, da sunayen 'yan'uwansa. Shi ban damu da shi sosai ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce mai fuloti na goma sha huɗu, Malama Ladi, malamar firamare, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya a unguwar Tunga. Ta ji labari ta zo ofis da takardar filinta a cikin leda.

"Kai ne Malam Isiyaku? An ce kai ke son ƙwace mini fili ka ba shanu."

Na ba ta kujera ta ƙi zama. Na buɗe taswira na nuna mata inda garke zai riƙa bi safe da yamma. Ta ce, "Shekara biyu ina zarya kafin in sami wannan takarda. Na riga na sa an buga bulo. Lokacin da kuke ba ni, ba ku san da shanun ba?"

Na ce mata kuskuren namu ne, kuma ba zan bari a soke nata ba sai an ba ta wani. Ta ce, "Haka kowa ke cewa a ofishin nan," ta fita.

Washegari Alhaji Tanko ya tare ni a bakin masallacin sakatariya. Da fara'a ya fara. Ya ce yaro mai ƙwazo irina bai kamata ya daɗe a mataki na shida ba. Da ya ga ban karɓi tayin ba sai murya ta sauya. "Doka ta ce babu shanu a unguwar zama. Kai ka fi doka ne? Gari gaba yake yi, kai kana ja da shi baya saboda kashin shanu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban fi doka ba. Wurin ne aka shafa wa launin da ba nasa ba."

Bayan kwana biyu na sami takardar tuhuma a kan teburina: in bayyana cikin kwana ɗaya dalilin da ya sa na ƙi bin umarni na bar kayan gwamnati a mota. Na amsa a shafi ɗaya, na liƙa kwafin rahotona a baya. Matata ta yi ta roƙona in haƙura, tana da ciki a lokacin. Na ce mata in na dasa turken nan aka zo aka yi faɗa aka rasa rai, lambar da ke jikin simintin da hannuna na rubuta ta.

Ranar zaman kwamiti ba ni da kujera, a tsaye nake a bayan Oga Ndako riƙe da fayil. Alhaji Tanko ya yi dogon jawabi a kan ci gaba, har wasu na gyaɗa kai. Ya ce burtalin tsohon zance ne, ko akuya ba ta bin wurin yanzu. Ciyaman ya juyo ya tambayi Oga Ndako ra'ayin sashe. Na zaci zai zame. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban je ba. Wanda ya je yana bayana."

Aka ba ni izini. Ban yi musu da kowa ba. Na ce a cikin ƙa'idar kwamiti akwai damar a je a duba wuri kafin a yanke hukunci, ina roƙon a yi amfani da ita, kuma a je bayan la'asar. Ciyaman ya ce me ya sa sai bayan la'asar? Na ce lokacin ne masu wurin suke zuwa.

Ranar Alhamis muka tafi a Landiroba biyu. Ban sanar da Arɗo ba, don kada a ce shiri ne. Muka tsaya a kan fulotin Malama Ladi, ga bulonta jere a gefe. Mun fi rabin awa babu ko tsuntsu. Alhaji Tanko ya fara duba agogo yana murmushi. Na fara tunanin ko sun sauya mashaya a ranar.

Can sai muka ji kukan shanu daga bayan tudu. Garke na farko ya ɓullo, na biyu na bin sa, na uku a baya, suka cika tsakanin shingen maƙil. Manyan mutane da manyan riguna suka yi ta tsallake cin-da-zugu suna faɗawa gonar doya. Direba ɗaya ya rasa inda zai kai mota, shanu suka rabu biyu suka wuce ta gefenta, wani bijimi ya goge madubin da ƙaho. Da ƙura ta lafa, sai ga mai gonar ya fito da fartanya yana faɗa, wai an tattake masa kunya huɗu. Ciyaman ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Mu goma mun yi wannan ɓarnar. To ina ga waɗancan?"

Ba duk abin da na nema aka ba ni ba. Kwamiti ya yarda a shafa wa burtalin kore, amma aka rage faɗinsa kusan da kashi ɗaya cikin uku don a ceci fuloti huɗu. Biyar aka soke, har da na Malama Ladi. Arɗo Buba bai ji daɗin ragin ba, ya ce mini shanu za su riƙa gogar katangar mutane, kuma haka aka yi ta yi. Na tsaya a kan maganar Malama Ladi sai da aka rubuta a cikin bayanin zaman cewa za a musanya mata. Wata uku ina bin fayil ɗin daga tebur zuwa tebur. Filin da ta samu a wajen Fadikpe yake, mai duwatsu, nesa da makarantarta. Da na kai mata takardar ta karɓa ta duba ta ce, "Ka cika alkawari." Ba ta yi godiya ba, ni ma ban ga dalilin da za ta yi ba. Kwashe bulon ma da kanta ta yi.

Ni kuwa kafin damina ta fita takardar canjin wurin aiki ta iso. Aka tura ni wani ƙaramin ofishin gunduma, inda babu ko teburin zane. A can matata ta haihu. Shekara uku na yi kafin a dawo da ni, sa'o'ina duk sun wuce ni da mataki. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin bai yi mini ciwo ba. Amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, a aikinmu kuskure ba ya ƙarewa a ofis. Layin da ka ja da biro cikin minti ɗaya, wani ne zai rayu da shi shekara talatin, kuma ko ka gyara, akwai wanda gyaran zai taka. Saboda haka kada ɗayanku ya sa hannu a kan wurin da ƙafarsa ba ta taka ba. Ku je da rani, ku koma da damina. In kun isa, kafin ku warware sarƙa, ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi me ke bi ta nan.