Littafin da Baba Bai Kawo Ba

Kakarmu ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ita ce ta fara karanta mana littafi. Lokacin ɗari a Bambeye, in an ci tuwo, sai ta hura wutar kara, ta ciro littattafan zane daga ƙarƙashin tabarmarta. Babanmu ne ke kawo su duk shekara in ya dawo bida, wato ci-rani, daga Abijan. Faransancin da ke fita daga bakin mutanen ciki bai dame ta ba. Hoto take kallo, ta yi tatsuniyarta.

"Ku matso, ga ta nan tahe bisa takarda," haka take farawa.

Labarin wani saurayi ne mai jar hula da ya bar garinsu neman ruwa. Kaka ta raɗa masa Idi, sunan babanmu ke nan. Ya ƙetare daji, ya yi wa kura wayo, ya shiga jirgin ruwa. A shafin ƙarshe jirgin ya tsage, hannun Idi kawai ake gani bisa ruwa. Muka yi ta roƙo ta ƙarasa.

"Mi zan ce? Ban ga hoto ba, ba ni yi muku ƙarya. Ku jira ubanku shi kawo na gaba."

Damina ta faɗi, ƴan bida suka dawo, ban da shi. Ba wasiƙa, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi. Kaka ta ci gaba da buɗe shafin nan har yatsanta ya cinye fentin hannun.

Da na girma na zama mahaukacin littattafan zane, matata ma haka take kirana. Babu mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a kasuwar Tawa da bai san fuskata ba. Na tara kwali-kwali, gara ta ci wasu, amma wanda nake nema ya ƙi samuwa. Sai bara wani ɗan Maraɗi ya miƙo mini shi, ba bango, yana warin kananzir. Wallahi a tsaye na yi kuka.

Na hau mota zuwa Bambeye, na tarar farar yana ta rufe idanun Kaka. Ta shafa takardar, ta shinshina.

"Ɗan nan, duba mini. Ya hito ruwan?"

"Ya fito, Kaka. Ga shi ƙofar gida, uwarsa ta rungume shi."

Ta mayar mini da littafin. "Aje abinka. Wagga uwa ta hi ni sa'a."

A da na ɗauka darasin haƙuri ne take koya mana. Yanzu na gane ita ma jiran take, kuma ba littafi ba. Na samo abin da kasuwa ke sayarwa, sauran ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.